Gwajin MOT a Birtaniya: Abin da mai mota zai iya dubawa da kansa

A Ingila da Scotland da Wales, duk motar da ta cika shekara uku da rajista dole ne a riƙa kai ta gwajin MOT sau ɗaya a shekara, domin tabbatar da cewa ta cancanci hawa titi. Tun a 1960 aka soma wannan gwaji, kuma doka ta hana gareji karɓar fiye da fam 54.85 kan ƙaramar mota. Wanda aka kama yana tuƙi bayan wa'adin takardarsa ya ƙare na iya biyan tarar fam 1,000.

Masu gyaran mota da hannunsu kan jaddada cewa ƙananan matsaloli ne ke kayar da motoci da dama: ƙwan fitila da ya ƙone, robar share gilashi da ta tsage, ko rashin ruwan wanke gilashi. Duk ana iya gyara su a ƙofar gida.

Taya kuwa, wajibi ne zurfin zanenta ya kai milimita 1.6. Akan gwada shi da tsabar pens 20: idan aka cusa ta cikin zanen amma ana ganin layin bakinta, tayar ta suɗe. Kowace taya irin wannan na iya jawo tarar fam 2,500 da maki uku a lasisi.

Sai dai gwajin ba ya tantance lafiyar inji, kuloci ko giya. Don haka mai sayen mota ta hannu bai kamata ya dogara da takardar kaɗai ba.