Dutse Tsakanin Kano da Ningi: Riba da Hasarar Ƙawancen Yaƙi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a nan Limawa ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da suka kewaye Garu, ba sai an gaya masa dalilin da ya sa kakanninmu suka zaɓi wannan wuri ba. Tsaro suka biyo. To amma ba a noma a kan fa, kuma gonaki da shanu da rijiyoyi duk suna ƙasa a fili inda maharin da ke kan doki zai iya cim musu. Saboda haka tun da daɗewa masu mulkin Dutse suke fuskantar tambaya guda: a dogara da duwatsu a zauna a kaɗaice, ko kuwa a haɗa kai da wani mai ƙarfi a ɗauki nauyin da ke biyo bayan haɗin?

Abin da na fahimta daga tarihin ƙasarmu, wanda kuma nake so in gabatar wa malaman makaranta da dattawa, shi ne ƙaramin gari yana sayen kariya ne da 'yancinsa na yanke shawara, kuma kariyar takan zo ne a ranar da bukatar babban abokin ta yi daidai da tasa. Ya kamata in faɗa tun daga farko cewa abin da ke tsakanin Dutse da Kano ya fi kusa da caffa a kan ƙawancen tsara da tsara. Duk da haka sharaɗin iri ɗaya ne da na kowane ƙawancen yaƙi: ka ba da mayaƙa idan an kira, a zo maka idan an taɓa ka.

Kafin Jihadi

Littafin Tarihin Kano ya ambaci Dutse a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452), inda ya nuna cewa shi ne Sarkin Kano na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse, kamar yadda ya auri 'yar Sarkin Shira da ta Sarkin Rano. A wancan zamani auren sarakuna shi ne takardar yarjejeniya, domin suruki ba ya kai wa surukinsa hari sai da babban dalili.

Wannan zumunci bai ɗore ba har abada. A zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) Kano ta kawo wa Dutse yaƙi, aka gwabza ƙwarai, har Kumbari ya kusa shiga gari, amma ya koma bai ci shi ba. Mukan ba da wannan labari da alfahari, kuma ya cancanta. Sai dai ya kamata mu tuna cewa garin da ya tsaya shi kaɗai, ko da ganuwarsa ta tsira, mutanensa ne kaɗai ke binne gawawwaki, su ne kuma ke kallon amfanin gonarsu yana zama abincin dawakin abokan gaba. Wannan shi ne kuɗin zaman kaɗaici.

Jihadi da Shiga Babbar Inuwa

Lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso ƙasar Kano, Salihi da Musa ne suka jagoranci jama'a a Dutse, suka haɗa kai da sauran shugabannin jama'ar Kano. A ɗaya ɓangaren, Sarkin Kano Alwali shi ma ya nemi haɗin gwiwa da sarakunan Katsina da Daura, amma haɗin bai yi tasiri ba, domin sarakuna ne da suka daɗe suna yaƙar juna, tsoro ne kawai ya tara su a ƙurarren lokaci. Aka ci Alwali a Ɗanyaya, aka kashe shi a Burumburum a 1807.

Daga nan Dutse ta zama ɗaya daga cikin manyan garuruwan Masarautar Kano, tare da Rano da Gaya da Ƙaraye, Kano kuma tana bin Sakkwato. Ribar farko a fili take. Yaƙi tsakanin Dutse da Kano ya ƙare, fatake suka sami hanya zuwa kasuwar Kurmi, malamai da almajirai suna kai da komo. Nauyin kuwa shi ne haraji da gaisuwa, da tura barade da dakaru duk lokacin da Sarkin Kano ya ɗaura yaƙi, sannan naɗin Sarkin Dutse kansa ya koma sai da amincewar Kano.

Ningi: Inda Ƙawance Ya Yi Rana

Wajen 1846 wasu malamai a ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa saboda saɓani a kan haraji, suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen yankin. Abin lura shi ne Ningi ita kanta ƙawance ce: malaman sun kawo tsarin mulki da dabarun yaƙi, mutanen dutse sun kawo yawa da sanin daji. Daga zamanin Ɗan Maje zuwa na Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya, kusan shekara hamsin, Ningawa suna kai hari kudanci da gabashin ƙasar Kano, wato yankin Rano da Birnin Kudu da namu.

Kakata ta wajen uwa takan ba mu labarin da ta ji daga iyayenta, cewa idan rani ya yi aka ji kururuwar mahara, mata sukan goya yara su bar tukunya a kan murhu su nufi dutse, kuma ba duka ake dawowa ba. A irin wannan hali babu wani gari guda da zai iya tare Ningi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya ƙarfafa ribaɗoɗin kudu, ya mai da Takai sansaninsa, ya sha fita da kansa. A nan bukatar Kano da ta Dutse suka zama ɗaya, domin idan kudu ta faɗi, birnin ma ba zai yi barci ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk da haka kariyar tana da iyaka. Mahari yakan zo da asuba ya koma kafin labari ya kai Kano, balle a tara runduna. Abin da ƙawance ya iya shi ne ya hana Ningi ci da riƙe ƙasa. Tsaron ƙauye na yau da kullum kuwa ya ci gaba da zama a wuyan mutanen ƙauyen da ganuwarsu.

Yaƙin Wasu

Nauyi na biyu shi ne a ja ka zuwa rigimar da ba kai ka tayar ba. Lokacin da Sarkin Haɗeja Buhari ya bijire wa Sakkwato, Sarkin Musulmi ya umarci masarautu su yi masa taron dangi. Galadiman Kano Abdullahi, wanda daga baya ya zama Maje Karofi, shi ya jagoranci rundunar Kano, kuma a farkon shekarun 1850 Buhari ya fatattaki wannan gayya a Kaffur. Rundunar Kano kuwa daga garuruwa irin namu ake tara ta. Bayan nan ƙasashen gabashin Kano suka shiga sahun wuraren da Buhari ke kai wa hari har zuwa rasuwarsa a 1863. Manomin da bai san abin da ya haɗa Buhari da Sakkwato ba, shi ya biya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Basasa: Ranar da Inuwa Ta Rabu Biyu

Babban gwajin ya zo a 1893. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya zaɓi ɗansa Tukur, Wazirin Sakkwato Buhari ya naɗa shi. 'Ya'yan Maje Karofi a ƙarƙashin Yusufu suka ƙi yarda, suka fice daga birni suka sauka a Takai. Ga shi sansanin da aka ƙarfafa domin kare mu daga Ningi ya zama cibiyar tawaye, tafiyar yini guda daga ƙofarmu.

Ina roƙon mai karatu ya sa kansa a matsayin Sarkin Dutse na wannan lokaci. Ya yi caffa ga gadon sarautar Kano, Sakkwato ta ce Tukur ne a kai. Amma Tukur yana birni, Yusufawa kuwa suna maƙwabtaka da dawakinsu. Idan ya bi Tukur, wa zai zo masa kafin a ci garinsa? Idan ya bi Yusufu, ya saɓa wa Sarkin Musulmi. Tsayawa a tsakiya kuwa babu wanda zai karɓa daga gare shi. Jerin sarakunan Dutse ya nuna sarautar ta canza hannu fiye da sau ɗaya tsakanin 1893 da 1894, abin da ba a saba gani ba a shekarun da suka gabata.

Sarkin Musulmi ya nemi sauran sarakuna su taimaki Tukur, amma taimakon bai zo yadda ake bukata ba. Yusufawa kuwa sun sami goyon bayan Gumel, wadda Barno take bi. Yusufu ya rasu a Garko, ƙaninsa Aliyu Babba ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. Darasin a nan mai ɗaci ne: alkawarin da ka ɗaukar wa babban gida ba ya gaya maka abin da za ka yi idan gidan ya rabu.

Zuwan Turawa

Daular Sakkwato ba ta da runduna guda mai zaman dindindin. Kowace masarauta da nata mayaƙan, ana tara su ne idan an yi kira. Turawan Ingila sun bi masarautun ɗaya bayan ɗaya. Sun kama Zariya a 1902. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 suka ci Kano, alhali Aliyu Babba yana hanyar Sakkwato da mafi yawan baradensa. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. Haɗeja ta yi yaƙinta a 1906, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'a masu yawa, kuma babu maƙwabcin da ke da halin kawo ɗauki. Inuwar da Dutse ta shekara kusan ɗari tana biya wa haraji ta gaza a ranar da aka fi bukatarta.

Zamaninmu

Wannan tambaya ba ta mutu ba. A 1960 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ta tanadi horar da sojojinmu da bai wa jiragen yaƙin Ingila damar ratsa sararin samaniyarmu. Ɗalibai suka yi zanga-zanga suna cewa an jinginar da 'yancin da aka samu jiya jiya, kuma a Janairu 1962 aka soke ta.

Mu a Jigawa mun sake ɗanɗana lamarin bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023. ECOWAS ta yi barazanar amfani da soja, aka rufe iyaka, kasuwanci ya tsaya a Maigatari, mutanen da ke da 'yan'uwa a Damagaram suka shiga zullumi. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, kuma a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe iyakarta. A nasu ɓangaren, Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa Ƙawancen Ƙasashen Sahel ranar 16 ga Satumba 2023, bisa sharaɗin wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka, suka kuma fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Mutumin bakin iyaka ya tsinci kansa inda Sarkin Dutse ya tsinci kansa a 1893, tsakanin alkawarin da shugabanni suka ɗauka da maƙwabcin da ke ƙofar gida.

Kammalawa

Idan na auna duka, ina ganin shigar Dutse inuwar Kano ta fi zaman kaɗaici alheri, musamman a shekarun Ningi, kuma da wuya garin ya kai labari ba tare da ita ba. Amma an biya kuɗinta a Kaffur, an biya a Basasa, kuma a 1903 ba ta hana komai ba. Saboda haka shawarata ga malamai ita ce, idan za a koyar da wannan babi, a sa ɗalibai su yi wa kowane ƙawance tambayoyi uku. Shin abokin gaban namu ne tare, ko na babban ne shi kaɗai? Wa ke da ikon cewa a fita yaƙi, kuma ana jin muryar ƙarami? Me zai faru idan babban ya raunana ko gidansa ya rabu? Dattawan da suke da labarin Ningi ko na Basasa daga bakin iyayensu kuwa, ina roƙonsu su sa a rubuta tun suna da rai. Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.