Daga Tsaunin Luofu Zuwa Gwangwani: Tarihin Shayin Magani na Liangcha a Birnin Guangzhou

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin liangcha, dafaffen ruwan ganyaye da saiwoyi da mutanen Guangzhou suke sha domin kariya da waraka. An nuna yadda ya taso daga hannun masu magani, ya zama sana'ar birni, daga bisani ya koma hajar kamfanoni, tare da abin da masu nazarin magungunan Hausawa za su tsinta a ciki.

1.0 Gabatarwa

Guangzhou tana cikin yankin Lingnan, wato kudu da tsaunukan Nanling na ƙasar Sin, inda zafi da laima suke haɗuwa, dazuzzuka kuma ba sa rabuwa da ɗanyen ganye. Ragowar irin wannan kurmi na nan a Dinghushan, gandun da aka keɓe a 1956. Mutanen arewacin Sin na dā sun ɗauki yankin a matsayin ƙasar mugun tururi mai jawo zazzaɓi. Kalmar liangcha tana nufin "shayi mai sanyaya jiki", ko da yake yawanci babu ganyen shayi a cikinsa, kuma sau da yawa da ɗuminsa ake sha. Sanyin da ake nufi na ɗabi'ar maganin ne, kamar yadda Bahaushe yake kasa cututtuka da abinci zuwa na zafi da na sanyi.

2.0 Ge Hong da Tushen Al'adar

Masu ba da tarihin liangcha sukan danganta tushensa da Ge Hong, malamin addinin Dao da ya rayu a ƙarni na 4, ya kuma ƙare rayuwarsa a tsaunin Luofu, gabas da Guangzhou. A wajensa, gyaran jiki da tarbiyyar ruhi aiki guda ne: mai neman tsawon rai sai ya tsare cimarsa da numfashinsa da halayensa. Ya rubuta Zhouhou Beiji Fang, littafin magungunan gaggawa masu araha waɗanda talaka zai iya samu a kusa da shi. A ciki ya yi bayanin jiƙa ganyen qinghao a ruwa, a matse, a sha domin zazzaɓi mai zuwa yana komawa.

3.0 Sana'ar Birni

Daga 1757 zuwa 1842, Guangzhou ce kaɗai tashar da aka yarje wa Turawa su yi ciniki ta teku. Unguwar Shisanhang ta cika da fatake da 'yan dako da matuƙa jirage, masu aikin ƙarfi cikin zafi waɗanda ba su da kuɗin ganin likita. A wannan yanayi ne Wang Zebang ya kafa sana'arsa a 1828, wadda ta shahara da sunan Wanglaoji. Kwano guda mai ɗaci, a farashi kaɗan, shi ne asibitin lebura. Kowane gida yana ɓoye sirrin haɗinsa, wasu haɗe-haɗen ma sukan ɗauki suna daga yawan kayansu, kamar wanda ake kira "ɗanɗano ashirin da huɗu". Iyaye mata kuma suna dafa nasu a gida gwargwadon yanayin shekara, suna sayo kayan daga masu ganye, irin waɗanda suka cika kasuwar Qingping a yau.

4.0 Gado da Haja

A 2006 gwamnatin Sin ta sanya liangcha cikin jerin farko na al'adun gado na ƙasa, bisa buƙatar haɗin gwiwa ta Guangdong da Hong Kong da Macau. A lokacin kuwa jan gwangwanin Wanglaoji ya riga ya mamaye kasuwa, an zuba masa sukari, ɗacin ya gushe. Rikici ya ɓarke tsakanin Guangzhou Pharmaceutical, mai mallakar sunan, da Jiaduobao, wanda ya yi hayarsa. A 2012 aka mayar da sunan ga mai shi, a 2017 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa duka biyun suna da haƙƙin amfani da jan gwangwanin. Shari'ar ta tsaya a kan suna da launi, yayin da sanin wane haɗi ya dace da wane jiki ya rage a ƙananan shaguna da ɗakunan girki.

5.0 Tsakanin Jiƙo da Awo

Bayanin Ge Hong ya sake amfani bayan ƙarnoni. A ƙarƙashin shirin binciken maleriya da aka fara a 1967, Tu Youyou ta lura cewa jiƙawa ya ambata, ba tafasawa ba, sai ta tatsi sinadarin a ƙaramin zafi. Hakan ya kai ga gano atimisinin a 1972, ta kuma sami kyautar Nobel a 2015. Li Guoqiao, likita daga Guangzhou, yana cikin waɗanda suka gwada shi a kan majinyata a 1974. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a sha jiƙon ganyen a madadin magani ba, domin ƙarfinsa ba ya da tabbas, kuma ƙarancinsa na iya sa ƙwayar cutar ta bijire. Haka nan, a farkon shekarun 1990 mata da dama a Beljiyam sun kamu da ciwon ƙoda sakamakon musanya wata saiwa da mai kama da ita a suna, wato guang fangji, wadda Sin ta haramta a 2004.

6.0 Kammalawa

Fataken Kano da Maraɗi da ke sauka a unguwar Xiaobei suna wuce shagunan liangcha, su dawo gida inda tazargade, dangin qinghao, ya yi tashe a 2020, inda kuma ake ɗura jiƙon sabara da marke a robobi. Tarihin Guangzhou ya nuna cewa abin da aka rubuta dalla-dalla, da sunan tsiro da yawansa da yadda ake sarrafa shi, shi ne ya amfani na baya. Aikin da ke gaban masana shi ne su taskace ilimin 'yan magori da 'yar mai ganye a haka, da sunayen masu shi, tun kafin gwangwani ya riga su.