Yadda Wuraren Ibada Suka Zama Makarantun Kiwon Lafiya ga Tsirarun Amurka

A unguwanni da dama na baƙaƙen fata a Amurka, ana idar da ibadar Lahadi sai a jera tebura a zauren coci, ma'aikatan jinya 'yan cocin su shiga auna jinin jama'a da sukarin jikinsu kyauta. Masana kiwon lafiyar al'umma sun daɗe suna nazarin wannan al'ada, kuma tarihinta yana nuna abin da ke faruwa idan jama'a suka daina amincewa da hukuma amma ba su daina amincewa da fastonsu ko limaminsu ba.

Me ya sa wurin ibada?

Giɓin lafiya tsakanin baƙaƙe da farare a Amurka a bayyane yake. Fiye da rabin baƙaƙen fata manya suna da hawan jini, ciwon da ke haddasa shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda. Mace baƙar fata ta fi farar fata haɗarin mutuwa a sanadin ciki ko haihuwa da kusan ninki uku.

A kan wannan akwai tsohon tabo. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin tarayya ta gudanar da bincike a yankin Tuskegee na jihar Alabama kan baƙaƙen fata 600, waɗanda 399 daga cikinsu suna ɗauke da tunjere. An ɓoye musu haƙiƙanin ciwonsu, aka kuma hana su magani ko bayan da aka tabbatar fenisilin yana warkar da shi, domin a ga yadda cutar ke cin jiki. Sai a 1997 Shugaba Bill Clinton ya nemi gafara a madadin gwamnati. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Coci kuwa gida ne da jama'ar suka gina da kuɗinsu, suke kuma haɗuwa a cikinsa kowane mako.

Asalin lamarin

A 1793 annobar shawara ta afka wa birnin Philadelphia, wanda a lokacin shi ne hedikwatar ƙasar, ta kashe kimanin mutum 5,000. Fitaccen likita Benjamin Rush ya zaci cutar ba ta kama baƙaƙen fata, don haka aka roƙi shugabanninsu na addini, Richard Allen da Absalom Jones, su taimaka. Mutanensu suka yi jinyar marasa lafiya, suka binne matattu, da yawa suka kamu, har da Allen kansa. Da aka zarge su da tsawwala kuɗin jinya da sata, mutanen biyu suka wallafa martani a 1794. Allen ne daga baya ya zama bishop na farko na ɗariƙar AME a 1816.

A 1915 Booker T. Washington ya ƙaddamar da makon lafiyar baƙaƙen fata na ƙasa, inda coci-coci da makarantu ke koyar da tsafta da rigakafi, aka ci gaba da yinsa fiye da shekara talatin. A 1989, lokacin da cutar ƙanjamau ke halaka mutane a Harlem yayin da majami'u da yawa ke gudun ambatonta, Pernessa Seele ta shirya makon addu'a domin masu cutar, wanda ya haifar da ƙungiyar Balm in Gilead mai horar da coci-coci kan harkar lafiya.

Yadda ake gudanar da shi

Shirin Body & Soul, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasar ta yaɗa a farkon shekarun 2000, ya tsaya kan ginshiƙai huɗu: fasto ya shiga da kansa, a shirya tarukan wayar da kai, a sauya irin abincin da ake rabawa a bukukuwan coci zuwa mai yawan ganye da 'ya'yan itatuwa, sannan a horar da wasu 'yan cocin su riƙa ba 'yan uwansu shawara. Ginshiƙi na ƙarshe shi ne zuciyar tsarin, domin mai ba da shawarar maƙwabci ne da ya san halin gidan da abin da ake dafawa a cikinsa.

An gwada tasirin wannan hanya ta fuskar kimiyya. Wani bincike mai suna FAITH, ƙarƙashin Farfesa Gbenga Ogedegbe, ɗan asalin Najeriya da ke Jami'ar New York, ya shafi mutum 373 masu hawan jini a coci 32 na birnin. An raba cocin gida biyu. A kashi na farko, 'yan coci da aka horar sun jagoranci zama 11 na mako-mako kan abinci da motsa jiki, haɗe da addu'a da karatun nassi. A kashi na biyu, ƙwararru ne suka riƙa gabatar da laccoci. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa bayan wata shida, awon jinin kashi na farko ya fi na biyu sauka da maki 5.8.

Masallatai da sauran tsiraru

A jihar Minnesota, jita-jitar cewa allurar ƙyanda tana haddasa galahanga ta sa yawan yaran Somaliyawa da ake yi wa allurar ya faɗi daga kashi 92 cikin ɗari a 2004 zuwa kashi 42 a 2014. A 2017 ƙyanda ta ɓarke, ta kama fiye da mutum 70, akasarinsu waɗannan yara, sai jami'an lafiya suka nemi taimakon limamai wajen shawo kan iyaye. Lamarin ya yi kama da abin da ya faru a Kano, inda tabon gwajin maganin Trovan na 1996 ya ƙarfafa ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, har sai da malamai da sarakuna suka sa baki.

Juriya bayan masifa

Ɓangare na biyu na wannan ilimi shi ne shirya al'umma ta farfaɗo bayan bala'i. Da guguwar Katrina ta mamaye New Orleans a 2005, cocin Katolika na Mary Queen of Vietnam ya zama madogarar 'yan asalin Biyetnam na gabashin birnin. Limamin cocin, Fada Vien Nguyen, ya bi sansanoni yana neman mabiyansa, cocin ya tattara sunayen waɗanda suka dawo domin a maido musu da lantarki, kuma unguwar ta kasance cikin waɗanda suka fi saurin dawowa. A 2006 suka matsa lamba har aka rufe juji da aka buɗe kusa da gidajensu. Sirrin shi ne cewa tun kafin guguwar cocin ya san kowane gida da wanda ke cikinsa.

Inda gizo ke saƙar

Tsarin yana da iyaka. Matasa baƙaƙen fata ba sa zuwa coci kamar iyayensu, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsa, don haka akwai waɗanda saƙon ba ya isa gare su. Batutuwan taɓin hankali da cututtukan jima'i har yanzu suna da nauyi a bakin wasu shugabannin addini, kuma mumbarin da ke yaɗa gaskiya yana iya yaɗa jita-jita. Mafi yawan aikin 'yan sa kai ne ke yinsa, kan tallafin da kan ƙare bayan 'yan shekaru.

Babbar matsalar ta siyasa ce. Auna jini a coci ba ya sayen magani. Har zuwa 2024, jihohi goma ba su faɗaɗa inshorar marasa galihu ta Medicaid ba kamar yadda dokar lafiya ta 2010 ta ba da dama, kuma akasarinsu a Kudu suke, inda fiye da rabin baƙaƙen fatar ƙasar ke zaune. Shi ya sa coci-coci da dama suke haɗa darasin lafiya da rajistar masu zaɓe, suna kuma kwasar mabiyansu zuwa rumfunan zaɓe bayan ibadar Lahadi.