Wanda Ke Naɗa Gwamna a Dandali

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar za su zauna kewaye da tebur, kowa ya ari rigar wani: wannan mayaƙi, wancan boka, ɗayan ɓarawo. Sai kuma mutum guda, uban wasa, wanda tun kafin a taru ya zana taswira, ya ƙago garuruwa da sarakunansu. Shi zai ce, kun iso bakin kogi, ga shi gada ta karye. Su faɗi dabararsu, a jefa wani irin ɗan ludo mai fuska 20, ya yanke abin da ya biyo baya. Duniyar tasa ce, amma bai san yadda labarin zai ƙare ba.

Matasanmu da ke cin karo da wannan a YouTube suna ɗaukarsa baƙon abu. Teburin da ɗan ludon dai baƙi ne. Shi kuwa uban wasa mun san shi a ƙauyukan Kankiya da Kusada, kamar yadda aka san shi a karkarar Kano da Zazzau. Sarkin samari ake ce masa, babban aikinsa kuma kalankuwa.

Da kaka ake yin ta, bayan gero da dawa sun shiga rumbu, aljihun saurayi ya ɗan yi nauyi. Masu tuna ta sukan fara da kiɗan kalangu da kwalliyar 'yan mata, alhali wahalar tana can baya. Sai sarkin samari ya je ya faɗi gaban mai gari ya nemi izini. A yi karo-karo, a aika goron gayyata ƙauyukan kewaye, a yi ciniki da makaɗa, a raba wa baƙi masauki. Sannan a kafa rumfunan kara da zana a dandali: nan fada, can kotu, ga asibiti, ga gidan yari. Gari guda ke nan aka gina don 'yan kwanaki.

Rabon muƙamai shi ne inda ake gane gwani. Za a naɗa gwamna, a naɗa alƙali, likita, dogarai da 'yan doka, 'yan mata ma da tasu shugabar. Ka ba mai zafin zuciya ɗan doka, wasa ya koma dambe. Ka ba marar baki alƙalanci, kotu ta mutu, jama'a su watse wajen masu tsire. Dole mai rabon ya san halin kowa, ya san wanda ke neman ƙanwar wane, da gidajen da ke da tsohuwar rigimar iyakar gona, don kada ya sa ɗan wannan gida ya kama ɗan wancan.

In an fara kuwa, babu rubutaccen zance. 'Yan doka su cafke mutum kan laifin da bai taka kara ya karya ba, alƙali ya ci shi tara, ko likita ya duba ƙato lafiyayye ya ce sai an kwantar da shi, ya fanshi kansa da 'yan kuɗi. Wanda aka kama yana da zaɓi: ya biya, ya yi gardama, ko ya ɗaukaka ƙara gaban gwamna. Kowanne ya zaɓa, sai an samo masa amsa nan take. Idan kuma wani ya fusata da gaske, ko dattijo ya ratso fili, sarkin samari ne zai san inda wasa ya tsaya. Ikonsa duka aro ne. Ranar da samari suka ga ya yi son kai, ba mai sake durƙusa masa.

Sunayen muƙaman kansu tarihi ne. Na farko daga fada aka kwaso su, su Galadima da Madawaki da Waziri, irin tsarin da har yau ya sa muke da Kangiwan Katsina a Kankiya da Bebejin Katsina a Kusada. Bayan Turawa sun ci Katsina a 1903, sai Razdan da Di'o suka shigo dandali. Duk wanda ya zo da iko, samari sun ɗinka masa riga. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin waɗannan sarautun yara tun tana ƙarama. Su can Turai wasan nasu daga bariki ya samo tushe, daga wasan yaƙi kan taswira da sojan Furusiya suka karɓa a 1824, wanda shi ma da alƙalinsa. Su suna koyon yaƙi, mu muna koyon mulki, muna kuma yi masa dariya.

Ibrahim Yaro Yahaya, a cikin Hausa a Rubuce na 1988, ya sa kalankuwa cikin wasannin kwaikwayo na gargajiya, tare da tashe da wasan gauta. Ba mu ja da malam ba, sai dai a ganinmu sunan ya ɗan yi mata kaɗan. A wasan kwaikwayo akwai masu yi, akwai 'yan kallo. A kalankuwa, da ka taka fili ka zama talakan gwamna, ana iya kama ka.

Abubuwa da yawa suka taru suka kwantar da ita. Makarantun firamare na kowa da kowa da aka buɗe a 1976 sun ɗebe yara, cin rani ya kwashe samari da zarar an gama girbi, finafinan bidiyo suka zo daga 1990. Malamai kuma sun yi wa'azi kan cakuɗuwar maza da mata da dare, kuma ba ƙarya suka yi ba, an sha yin ɓarna a gefen fili. Da aka kori ɓarnar, sai kotun da fadar suka bi ta.

Gygax ya buga littafi sukutum a 1979 kan yadda ake jan ragamar wasansa, shi ya sa yaro a Kano zai iya koyonsa yau a waya. Namu sarakunan samarin ba wanda ya rubuta nasa. Waɗanda suka rage sun tsufa, suna zaune a ƙofar gida a Rimaye ko Yashe, kuma in aka tambaye su kalankuwa, yawanci sunan makaɗin da ya zo ake tambaya.