Me Ya Haɗa Kiristocin Amurka Da Ƙasar Isra'ila?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai fataucin hatsi daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ya aiko mana da takarda yana cewa: "Don Allah ku ba ni tarihin abin da ya sa Kiristocin Amurka suke tsaya wa ƙasar Isra'ila haka, alhali su ba Yahudawa ba ne. Mun yi gardama a majalisarmu, wasu sun ce addinin Kirista ne ya umarce su, wasu sun ce siyasa ce kawai. Ina gaskiyar take?"

AMSA: To malam, mun gode da takardarka. A gardamar taku kowa ya taɓo gaskiya, sai dai babu wanda ya kamo ta duka. Akwai siyasa, akwai kuma aƙida. Amma aƙidar ba ta dukkan Kirista ba ce. Wata fassara ce ta ayoyin ƙarshen zamani, wadda aka san lokacin da ta ɓullo, aka kuma san waɗanda suka yaɗa ta.

Bari mu faro daga tushe. A shekara ta 70 Miladiyya sojojin Rum suka rushe babban ɗakin ibadar Yahudawa da ke Birnin Ƙudus. A shekara ta 135 kuma suka murƙushe wani tawayen, suka hana Yahudawa zama a birnin. Wasu sun ci gaba da zama a yankin Galili, amma akasarinsu sun bazu cikin duniya. Fiye da shekara dubu bayan haka, abin da malaman coci suke koyarwa shi ne, coci ce ta gaji alkawuran da Allah ya yi wa Bani Isra'ila. Babban malaminsu Agustin, mutumin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a 430, ya ɗauki watsuwar Yahudawa a matsayin shaida ga gaskiyar addinin Kirista. Batun su koma su kafa ƙasa bai ma taso ba. Kora ma aka riƙa yi musu: Ingila ta kore su a 1290, Sifen kuma a 1492.

Abin ya soma sauyawa ne bayan 1517, lokacin da Martin Luther ya yi wa cocin Katolika bore. Aka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harsunan talakawa, kowa ya shiga karantawa da kansa. Wasu Turawan Ingila suka karanta alkawarin da aka yi wa Annabi Ibrahim a littafin Farawa, da wahayin Ezekiyel na busassun ƙasusuwa da suka sake rayuwa, sai suka ce ai wannan ba misali ba ne, Yahudawa ake nufi, ƙasar nan da muka sani kuma ake nufi. A 1621 wani lauya, Henry Finch, ya rubuta littafi yana cewa Yahudawa za su koma ƙasarsu su yi mulki. Sarki James ya ga kamar an taɓa sarautarsa, aka tsare lauyan na ɗan lokaci.

Wanda ya tsara aƙidar daki-daki shi ne John Nelson Darby, wani fasto da ya yi aiki a ƙasar Ailan, wanda aka haifa a 1800, ya rasu a 1882. Darby ya ce Allah yana da jama'a biyu: coci, wadda rabonta yana sama, da Bani Isra'ila, waɗanda rabonsu yana ƙasa, kuma alkawarinsu na nan bai tashi ba. Ga yadda shi da almajiransa suka jera al'amarin. Yahudawa za su sake taruwa a Falasɗinu. Za a fyauce masu bi na gaskiya zuwa sama farat ɗaya. Sai a shiga shekara bakwai na tsananin wahala a ƙarƙashin wani azzalumi da suke kira magabcin Almasihu, wanda in ka ji siffarsa sai ka tuna da Dujal. A sake gina ɗakin ibadar nan a Ƙudus. Sa'an nan a gwabza yaƙin ƙarshe a Armagedon, wato tudun Magiddo da ke arewacin ƙasar. Daga nan Annabi Isa, wanda Kirista ke kira Yesu Almasihu, ya sauko ya yi mulkin shekara dubu daga Ƙudus. Ka ga ke nan, a wannan lissafi, komawar Yahudawa ita ce alamar da ake zuba ido a gani, kamar yadda manomi yake duban gabas in damina ta ƙarato.

Darby ya yi ta zuwa Amurka yana wa'azi tsakanin 1862 da 1877, kuma a can ne irin ya sami ƙasa mai kyau. A 1891 wani ɗan kasuwa mai wa'azi a yankin Chicago, William Blackstone, ya kai wa Shugaba Benjamin Harrison takardar koke mai ɗauke da sa hannun manyan mutane 413, ciki har da attajirai John D. Rockefeller da J. P. Morgan, yana neman a ba Yahudawa Falasɗinu. Lura da kyau, wannan ya faru shekara shida kafin Theodor Herzl ya kira babban taron farko na 'yan Sahayoniya a birnin Basel a 1897. A lokacin malaman Yahudawa da dama ba su yarda da shirin ba, suna cewa sai Almasihun da suke jira ya zo. Paparoma Pius na 10 ma, da Herzl ya je gare shi a 1904, ƙin goyon baya ya yi.

A 1909 wani fasto Ba'amurke, Cyrus Scofield, ya fitar da Littafi Mai Tsarki da sharhinsa a ƙasan shafi, sharhin kuwa koyarwar Darby ce. Ka san yadda almajiri kan haddace matani da sharhi tare har ya kasa rabe su. Haka ta faru. Miliyoyin mutane suka tashi suna ganin wannan fassara ita ce abin da littafin ya faɗa.

Sai kuma al'amuran duniya suka zo suka ƙarfafa musu gwiwa. Ran 2 ga Nuwamba 1917 sakataren harkokin wajen Birtaniya, Arthur Balfour, ya yi wa Yahudawa alkawarin matsuguni a Falasɗinu. Shi da Firayim Minista Lloyd George sun tashi da karatun Littafi Mai Tsarki, amma kada ka manta Birtaniya tana yaƙi da daular Turkiyya, tana kuma son tsare mashigin Suwez. A lokacin kusan mutum tara cikin goma na mazauna ƙasar Larabawa ne, Musulmi da Kirista, kuma ba a nemi yardarsu ba. Bayan kisan Yahudawa miliyan 6 da gwamnatin Hitila ta yi, aka ayyana ƙasar Isra'ila ran 14 ga Mayu 1948. Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu da gonakinsu, cikinsu har da Kirista masu yawa. A watan Yuni 1967 kuma Isra'ila ta kama gabashin Ƙudus a yaƙin kwana shida. Mabiya wannan aƙida suka ce shi ke nan, annabci ya cika a gaban idonmu.

Abin ya taɓa kaiwa ga ɓarna. Ran 21 ga Agusta 1969 wani Kirista ɗan Ostareliya, Denis Rohan, ya cinna wa Masallacin Al-Aƙsa wuta, yana ganin haka zai share hanyar gina ɗakin ibada, ya gaggauto da saukar Almasihu. Tsohon mumbarin da Salahuddin ya kawo ya ƙone. Kotu ta ce mutumin yana da taɓin hankali. Wannan gobara ce ta sa shugabannin ƙasashen Musulmi suka taru a Rabat a watan Satumba na shekarar, inda aka aza harsashin ƙungiyar OIC.

A 1970 wani mai wa'azi, Hal Lindsey, ya fitar da littafin da aka sayar da miliyoyi, inda ya nuna cewa komai na iya kammaluwa cikin shekara 40 daga 1948. Shekarar 1988 ta zo ta wuce, duniya na nan. Duk da haka aƙidar ba ta mutu ba, siyasa ma ta shiga. Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar tara ƙuri'un Kirista a 1979, ya kuma ƙulla abota da Firayim Minista Menachem Begin. A 2006 Fasto John Hagee ya kafa ƙungiyar Kirista masu goyon bayan Isra'ila, wadda ta ce mambobinta sun haura miliyan 10. Da Shugaba Donald Trump ya mayar da ofishin jakadancin Amurka Ƙudus ran 14 ga Mayu 2018, Hagee na cikin waɗanda suka yi addu'a a wurin. 'Yan ɗarikun Ibanjelika, wato masu wa'azin bishara, inda aƙidar ta fi ƙarfi, sun kusa kashi ɗaya cikin huɗu na baligan Amurka. Ɗan siyasa kuwa, ka sani, ba ya wasa da ƙuri'a.

To ina illar take? Wanda ya yi imani cewa Allah ya mallaka wa wani gona har abada ba zai yarda a zauna a raba ta ba. Shi ya sa da yawansu suke adawa da kafa ƙasar Falasɗinu, suke kuma tallafa wa matsugunan Yahudawa a Gaɓar Yamma da Kogin Jodan, wadda suke kira Yahudiya da Samariya.

Su ma Yahudawa ba duka ne hankalinsu ya kwanta da wannan ƙauna ba. A ƙarshen lissafin, bisa yadda wasu masu wa'azi suke fassara littafin Zakariya sura ta 13, kashi biyu cikin uku na mutanen ƙasar za su halaka, ragowar kuma su karɓi Yesu. Shi ya sa wasu Yahudawa ke cewa ba don Allah ake son su ba, tsani aka mai da su. Shugabannin Isra'ila dai sun karɓi goyon bayan, ganin cewa amfaninsa na yau ne, maganar ƙarshen zamani kuwa sai ranar ta zo. Adalci ne kuma a faɗa cewa Kirista da yawa suna goyon bayan Isra'ila ba don wannan lissafi ba, sai don tausayin abin da aka yi wa Yahudawa a Turai, ko neman albarkar da suka yi imani an yi wa Annabi Ibrahim alkawari.

Cocin Katolika da cocin Otodoks da ɗarikun Furotesta da dama ba sa koyar da tsarin Darby. A watan Agusta 2006 shugabannin coci huɗu na Ƙudus, ciki har da Michel Sabbah na Katolika, wanda shi kansa Bafalasɗine ne, suka fitar da sanarwa suna cewa wannan aƙida koyarwar ƙarya ce da ke gurɓata saƙon ƙauna da adalci. Fadar Batikan ta amince da Isra'ila a 1993, ta kuma sa hannu a yarjejeniya da ƙasar Falasɗinu a 2015.

Saboda haka malam, in ka koma majalisa, ka gaya wa masu cewa siyasa ce cewa suna da hujja, domin akwai cinikin makamai da tsaron muradun Amurka, kuma a 2016 gwamnatin Obama ta sa hannu a kan tallafin soja na dala biliyan 38 na shekara goma. Masu cewa addini ne kuma ka gaya musu fassarar wani ɓangare ce, wadda tsarinta bai wuce shekara ɗari biyu ba, kuma Kiristocin Baitalami da Ƙudus suna cikin waɗanda suka fi ƙin ta, don su ma gonakinsu abin ya ci.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun sake ji daga gare ku.