Hoton Sama da Awon Ƙasa

Yau hirarmu a kan awon ƙasa da hoto take.

Kai mai karatu, miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa. Rufe idon dama ka duba. To, buɗe shi ka rufe na hagu. Ka ga yatsan kamar ya gusa? Ido biyu ke sa mutum ya gane nesa da kusa, tudu da kwari.

Haka masu awo ke yi da jirgin sama. Jirgin yana tafiya, yana ɗaukar hoto bi da bi. Kowane hoto yana maimaita fiye da rabin wanda ya gabace shi. In an jera biyu, sun zama ido biyu ke nan. Sai a ga gangaren Gulbin Maraɗi, a ga faɗin tabkin Madarunfa, a auna su ba a taka ba. Da wannan awo ake zana taswira, wadda muke ce ma karti.

Abin ya daɗe. A 1858 wani Bafaranshe, Nadar, ya hau balan-balan ya ɗauki hoto daga sama. A shekarun 1950 jiragen Faransa suka ɗauki hoton ƙasarmu don yin karti. A 1975, bayan farin 1973, aka sake ɗauka. Wannan karon hoto ya nuna gonaki da yawa fayau, itace ɗaya nan, ɗaya can.

A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya soma aiki da manoman jihar Maraɗi a kan sassaben zamani. Manomi ya bar tohon kututture, ya rage rassa, ya tsare shi har ya girma. Maƙwabci ya gani, ya kwaikwaya. Amma wa ya san yawan abin da aka raya?

Hoto ne ya ba da shaida. Bayan shekara ta 2000, wani masani daga Amurka, Gray Tappan, ya gwama hotunan 1975 da sababbi. Aka ƙiyasta itace wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawon gonarka yana cikin lissafin.

Yau kwamfuta ke haɗa hotuna, ɗaruruwa a lokaci guda. Ƙaramin jirgi maras matuƙi ke ɗauko su, kuɗinsa kuwa bai kai na babban jirgi ba. Kartin yana nuna inda ruwa zai bi. Ka tuna, a 1945 ambaliya ta ci tsohon garin Maraɗi, har mutane suka koma kan tudu. Yana kuma nuna iyakar gona da burtali, don a rage faɗan manomi da makiyayi.

Saboda haka, in ma'aikata sun zo da karti, kada ka tsaya baya. Matso kusa. Nemi sunan garinku, ka karanta shi da kanka. Nemi gonarka. In ka ga kuskure, ka faɗa kafin ka sa hannu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.