Tseren Da Aka Yi A Ɓoye: Tarihin 'Yan Keken Ingila

Jama'a, waɗanda muka zauna aji ɗaya za su tuna tsohuwar Raleigh ɗin malaminmu na lissafi, wadda muke jin ƙarar sarƙarta tun daga bakin ƙofa sai kowa ya nemi wurin zamansa. A lokacin mun ɗauka keke abin hawan wanda bai sami halin babur ba ne. Da wannan tunani na shiga aikin gwamnati, har sai da likita ya auna jinina bara, ya dubi tumbina, ya ce in nemi abin da zai sa ni gumi. Haka na shiga cikin wasu mutum goma sha da ke fita da kekuna kowace Asabar bayan sallar asuba. A wajen ɗayansu na fara jin cewa wannan ɗabi'a tana da tarihi mai tsawo a ƙasar da aka ƙera keken malam, watau Ingila, sai na bi diddigi.

A 1878 aka kafa ƙungiyar masu yawon keke a garin Harrogate. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna da sarƙa, irin wanda muka sani, sa'an nan a 1888 Dunlop ya kawo taya mai iska. Daga nan keke ya fara sauka daga hannun masu kuɗi zuwa hannun akawu da ma'aikatan masaƙa. Mutanen da suka kwana shida cikin hayaƙin birni sai su taru ranar Lahadi da safe, su jeru biyu-biyu su nufi ƙauye, su tsaya su sha shayi, su juyo da yamma. Na gaba shi ke sara iska, na baya su fake a bayansa, in ya gaji ya koma ƙarshen layi wani ya karɓa. Wanda tayarsa ta yi faci kuwa a tsaya a jira shi.

To, ina aka taɓa tara samari da kekuna ba a yi tsere ba? Nan rigima ta taso. 'Yan sanda da masu keken doki ba su son ganinsu, har babbar ƙungiyar 'yan keke ta ƙasa ta ji tsoron kada a hana kowa hawan titi, ta hana tsere a kan hanya a 1890, ta ce a koma filin da aka kewaye. Wasu ba su ji ba. A 1894, ana cikin wani tsere a babbar hanyar da ta tashi daga Landan ta yi arewa, sai dokin wata mata ya firgita, mahaya suka zube, ita kuwa ta kai ƙara wurin 'yan sanda.

Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Frederick Bidlake, kuma dabararsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ya ga cewa abin da ke jawo ido shi ne taro. Saboda haka aka shirya a riƙa sallamar mahaya ɗaya bayan ɗaya, da tazara tsakaninsu, kowa ya yi tafiyarsa shi kaɗai, mai agogo ya rubuta lokacinsa. A watan Oktoba 1895 ƙungiyarsa ta North Road ta yi irin wannan gasa ta mil 50. Shekaru da dama bayan haka ana yinta a ɓoye: a fara da sassafe, mahayi ya sa baƙaƙen kaya daga wuya har idon sawu, ba lamba a jikinsa, sai dai in ya iso ya faɗi lambarsa da ƙarfi. Hanyoyin ma ba a kiran sunansu, harafi da lamba ake ba su. Ɗan sanda in ya gani, mutum ɗaya ya gani yana sauri, ba laifi ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan ya sauya dalilin fita. Tunda agogo ne abokin karawa, dattijo da yaro duk suna da abin nema: kowa so yake ya karya lokacinsa na baya. Burin ɗan ƙungiya shi ne ya cinye mil 25 kafin awa ta cika, kuma akwai masu shekara da shekaru suna bin minti guda. Shiri kuwa tun cikin hunturu ake fara shi, da doguwar tafiya a hankali, sau da yawa da keke mai giya ɗaya. Wajen Janairu da Fabrairu a yi gwajin juriya, alal misali mil 100 cikin awa 8. In rana ta fara tsawo sai a riƙa haɗuwa da yamma bayan tashi daga aiki, ana karɓa-karɓa a gaba da iyakar gudu. A 1956 Ray Booty ya zama na farko da ya yi mil 100 ƙasa da awa huɗu a wannan gasa, cikin awa 3 da minti 58 da daƙiƙa 28, a kan Raleigh. Jajiberin ranar kuwa a keke ya taho tun daga Nottingham.

Tseren taro bai dawo titi ba sai da Percy Stallard ya yi taurin kai a 1942, ya nemi izinin 'yan sanda ya shirya shi daga Llangollen zuwa Wolverhampton. Aka dakatar da shi, 'yan keke suka rabu gida biyu, ba a sasanta ba sai 1959.

Amma ni a ganina babu wanda wannan tarbiyya ta haifa kamar Beryl Burton, 'yar ƙungiyar Morley da ke kusa da Leeds. Mijinta Charlie ne ya fara kai ta fitar Lahadi, kuma da farko sai an tura ta in an zo hawa. Aikin ƙarfi take yi a gonar kayan lambu, ta ƙi mayar da keke sana'a, duk da haka ta ci kambin duniya sau 7, ta kuma riƙe kambin gwanar mata ta Birtaniya shekara 25 a jere, daga 1959 zuwa 1983. A 1967, a gasar awa 12, ta cim ma Mike McNamara alhali shi ma yana kan hanyar kafa sabon tarihin maza. Da ta zo wuce shi sai ta zaro alewa daga aljihu ta miƙa masa, ya karɓa. Ta yi mil 277.25, shi ya yi 276.52, kuma sai bayan shekara biyu wani namiji ya wuce ta. A kan keke ta rasu a 1996, tana raba katin gayyatar bikin cikarta shekara 59.

Mu ma mun ari dabarar Bidlake. Asabar ta ƙarshen wata mukan auna mil 10, muna sallamar juna minti ɗaya-ɗaya, ɗan ɗayanmu na riƙe da agogo. Na fara da minti 41, yanzu ina 36, kuma har yau masinjan ofishinmu bai daina tambayata ko motata ce ta lalace ba.